Azumin da Muka Shayar da Katafila

Bana azumi ya sake faɗowa cikin ruwan farko. Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, sai iska ta taso daga wajen duwatsun nan na yamma, ta kawo ƙamshin jar ƙasa da ruwa ya taɓa, a cikinsa kuma da wani wari da na sani tun ina amarya, warin gazol, man manyan injuna. Ashe wata katafila ce ake gyaran titi da ita can sama da layinmu. Na ajiye farantin a cinya na yi shiru, har jikata ta leƙo ta ce, "Hajiya, barci kike yi a zaune?" Na ce mata ba barci ba ne, tafiya na yi. Shekara talatin da 'yan kai azumi ke ɗauka kafin ya zagayo ya dawo inda ya bar mutum. Ga shi ya dawo ya same ni a unguwar Birik ɗin nan dai ta Yawunde, sai dai haƙora sun ragu.

A wancan karon ban daɗe sosai a gidan miji ba. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, direban katafila ne a wani kamfanin gina hanya, shi ya sa duk unguwa Direba ake ce masa, har Inna mahaifiyarsa, wadda dama ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne. Mutum ne marar yawan magana, amma a taɓo zancen inji, to ka nemi wurin zama. Ya kan ce mota ake tambaya nisan da ta je, katafila kuwa awa nawa ta yi ake tambayarta, don tana iya wuni a wuri ɗaya tana tura ƙasa ta shanye ganga guda. Tasa, in ji shi, jarka take sha a awa. In ƙasa ta yi taurin kai ta ƙara, in tana tsaye tana gunaguni ba aiki ta rage, amma muddin tana numfashi ba ta daina sha.

Ko jirgin sama bai tsira daga lissafinsa ba. Muna zaune a tabarma jirgi zai gifta, sai ya ɗaga kai ya ce, "Kin ga wancan? Abin da yake sha a awa guda, tawa sai ta yi wata tana fama da shi." Ni kuwa in bi jirgin da ido har ya shige gajimare, ina tunanin ina yake zuba wannan abu haka, shi da ba ya tura ƙasa ba ya ɗaukar dutse, iska kawai yake ratsawa. Wallahi har mafarki na taɓa yi, wai jirgi ya sauko tsakar gidanmu ya tsoma baki a randar Inna, ina ta kora shi da muciya.

Shekarar ta zo da ƙunci. Duk wanda ka gaisa da shi sai ya ce maka lakiriz, wato abin duniya ya tsaya cik. Ma'aikatan da ke cika bakin titi da yamma wajen masu tsire suka ja baya, teloli suka zauna suna kallon kekunansu, 'yan kasuwar Mokolo suna gyangyaɗi a kan kaya. Kamfanin su Direba ya fara da jinkirta albashi, daga nan wata safiya aka ce kowa ya tafi gida sai an neme shi. Aikin da suke kai kuwa a saman layinmu yake. Sun jibge jar ƙasa tuli guda a kan babbar kwatar da ke kwashe ruwan unguwa, da nufin su baje ta cikin 'yan kwanaki. Aka kwashe manyan motoci, aka bar katafila a gindin wani mangwaro, tankinta a bushe, batir kuma an cire. Shef ɗinsu, wato shugaban aikin, ya ce da Direba tunda gidansa kusa ne ya riƙa sa mata ido.

Nan ta zauna duk rani. Awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa, mata suna shanya zannuwa a kan ƙaton bakin ƙarfenta. Kullum da safe Direba zai hau can ya goge ta, ya leƙa nan ya taɓa can, ya dawo hannu duk baƙi. Na kan ce masa, "Ka gaishe mini da uwargida?" Sai ya yi murmushi ya ce tana amsawa.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a gangare, daf da rafi. Mahaifin Direba ne ya gina shi da jar ƙasa da itace, lokacin da ya zo fataucin goro Yawunde ta yi masa daɗi ya ƙi komawa. Ɗakin Inna yana ciki, a nan ta haifi duk 'ya'yanta, a nan mijinta ya cika. Nawa yana bakin layi, Direba ne ya ɗora shi da hannunsa kafin bikinmu, ya shafe shi da farar ƙasa, ya yi mini 'yar taga mai kallon rafi. Ban taɓa mallakar wani abu da ya kai ɗakin nan ba.

Aka ga wata cikin wani irin zafi mai danƙo, wanda ko ka yi wanka kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa. Azumi bai yi nisa ba ruwan farko ya sauko. Da shi muka yi murna, muka fito da bokitai da daro muka tara a bakin kwano. Amma da na leƙa waje sai na ga layinmu ya zama kogi. Ruwan da ya saba bin kwata ya tarar da tuli ya tare masa hanya, shi kuwa ba ya jiran a buɗe masa, ya juyo ya gangaro ta tsakiyar layi, ja wur, ɗauke da ledoji da ɓawon ayaba, ya zo ya daki gindin bangon ɗakina kafin ya lanƙwasa ya faɗa rafi. Da ya janye, na sa hannu a gindin bangon, yatsuna suka shige.

Daga nan kwanakin suka koma iri ɗaya, har yanzu in na tuna su sai in ga kamar rana guda ce mai tsawo. Mu yi sahur da ɗumamen tuwon masara, in babu mu dafa rogo. Gari na wayewa in ɗauki bokiti in bi layin famfo, ƙafa na nutsewa a taɓo. Da hantsi in kai niƙa wajen Baba Hammadu, wani dattijo Bafillace daga arewa da ke da injin niƙa a tsakiyar layinmu. Da azahar rana ta buɗe, ƙasa ta riƙa fitar da tururi, leɓe ya bushe, ido ya riƙa ganin abubuwa suna rawa. Da la'asar hadari ya haɗo daga bayan duwatsu, gari ya yi duhu, kwanon rufi ya fara ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. In ya ɗauke, shinge su taso su cika iska, kwaɗi su kama nasu a rafi. Kunun shan ruwa ba sukari, ƙosai sai ran da aka dace. Mangwaro ne ya rufa mana asiri, shekarar ya yi 'ya'ya kamar ya san halin da ake ciki. Yanzu jikokina in an sha ruwa sai sun zaɓi abin da za su fara da shi a cikin firji, in kalle su in yi dariya ni kaɗai.

Kowane ruwa kuma sai ya ci wani abu ya tafi da shi. Ba mu kaɗai ba, duk gidajen layin gindinsu ya fara zaizayewa, amma mu ne a bakin kura. Direba ya jera buhunan ƙasa, ruwa ya kwashe. Ya kafa tsohon kwano, ruwa ya naɗe shi kamar tabarma. Wata tsaga ta fito a bangon ɗakina, siririya, kullum da safe in tarar ta ɗan ƙara tsawo. Ƙanwar Inna da ke unguwar Messa ta aiko a kawo mata ita ta zauna har damina ta wuce. Inna ta ce da ɗan aiken, "Ka ce ina gaishe ta. Ni daga ɗakin nan sai makara."

Wata rana bayan la'asar maza suka tsaya a ƙofar masallacin layi suna ta shawara, wannan ya ce a kai kuka ma'aikatar birni, wancan ya ce an kai har an gaji. Direba yana gefe, sai da kowa ya gama ya ce, "Ku ba ni awa biyu." Aka ce ga wuni guda ma in yana so. Ya ce ba irin wannan awar ba, awar katafila yake nufi, jarka biyu na gazol da ɗan abin ɗumama inji. Da su zai ture tulin, ya yanka wa ruwa hanya ta gefen layi tun daga sama har rafi. Shef ɗinsu ya riga ya ce masa in ya samu mai da batir, shi bai gani ba bai ji ba. Jarka biyu a yau ba komai ba ne, yaran nan masu janareta a sati suke ƙona fiye da haka. A watan nan kuwa mai ya yi wuya a gari, kuɗin sayensa ya fi shi wuya. Wani tela ya ce, "Ashe ita ma uwargidan taka azumi take, sai mun nemo mata abin buɗa baki." Aka yi dariya, amma a nan aka tsayar da magana, kowa ya kawo abin da ya samu.

Aka ajiye rabin ganga a zaurenmu. Masu taksi suka fara zuwa da fetur a kwalba, Direba ya mayar da su, ya ce fetur kashe ta zai yi. Wani makaniken manyan motoci ya kawo abin da ya tatsa daga tsofaffin tankuna, baƙi ƙirin, muka tace shi da tsohon ɗankwalina. Mai gidan burodi ya aiko da kwalba biyu. Abin dai kamar ana cika rijiya da cokali. Direba ya yanko wani kara yana tsomawa a gangar, ya duba inda ya jiƙe. Shi kuma ba ya ce maka lita kaza, sai ya ce, "Yau muna da rubu'in awa." Nan da nan abin ya zama gaisuwar layi. Mutum zai wuce ya ce, "Direba, ya ibada? Yau awa nawa gare mu?"

Ni ce na tambaye shi ko tana shan kananzir. Ya ce tana sha in an sirka mata da gazol aka ɗiga ɗan baƙin mai, kamar dai yadda muke sirka garin masara da na rogo, ba daɗi amma yana riƙe ciki. Ai kuwa kafin magariba zance ya zaga gidaje. Mata suka riƙa aiko da kananzir ɗin fitilunsu da na risho, wata a kwalbar magani, wata a gwangwanin madara, har da maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ewondo mai sayar da bobolo, tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye, wadda ba azumi take ba amma ruwa bai san wannan ba. Aka koma girki da itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika mana ido. Aka koma cin abincin dare da sauran hasken magariba. Da yayyafi kogi kan cika, karan Direba ya hau har ya wuce awa guda, daga nan kuma ya tsaya, don babu wanda ya rage da abin bayarwa.

Ana haka sai ga Baba Hammadu da hantsi, yana jan jarkar gazol ɗin injinsa da hannu biyu, yana tsayawa yana haki. Direba ya taso da sauri ya karɓa ya ce, "Haba Baba, wannan ai abincinka ne." Baba ya zauna a dakalin zaure, sai da numfashinsa ya dawo ya ce, da Hausarsa ta Fulani mai taushi, "Ni injina ɗan ƙaramin ciki gare shi, kwalba ɗaya a awa ya ƙoshi. Wannan da ta kai ni salla. To amma ɗana, in ruwa ya cinye layi, wa zai kawo mini niƙa? Zuba." Direba ya zuba, ya tsoma kara, ya daɗe yana dubawa. Ya ce awa biyu ta cika, amma cif take, ba ragi ba ƙari.

Injin Baba ya yi shiru daga ranar, muka koma turmi. Na yi mita, ba zan ɓoye ba, daka da azumi ba wasa ba ne, hannuna har ya yi kanta. Amma akwai wani abu da nake kewa har yau. Da hantsi sai ka ji taɓare na tashi daga wannan gida, wancan ya amsa, na gaba ya karɓa, har layin gaba ɗaya ya ɗauka, ga tururin ƙasa na tashi, ga yunwa ta sa kai ya yi sakayau. Sai in ji kamar ba a birni nake ba, kamar ina wani gari da ban taɓa gani ba, wanda kakata ke ba mu labari.

Saura batir. Wani direban babbar motar shanu da ke sauke kaya a unguwar Etudi ya yarda zai biyo da hantsi ranar da zai koma arewa, a tayar da katafila da nasa, ya cire abinsa ya wuce. Tayarwa ɗaya ke nan, in ta mutu ta mutu. Ana gobe za a yi, bayan an sha ruwa, Direba ya zaunar da ni da Inna ya ce akwai abin da ya kamata mu sani. Daga sama zai faro, don ta can katafilar take. Duk hanyar da ya yanka, ruwa zai bi ta da ƙarfinsa a haɗe. In ya kai rafi, shi ke nan. In kuwa ya tsaya a hanya, ruwan unguwa kaf a jikin gidanmu zai sauke, gara ma a ce bai fara ba. Inna ta ce, "To kada ka tsaya."

Da asubar ranar Baba Hammadu ya rasu. Ya yi sahur, ya yi salla, ya ce kansa na sara, ya kwanta, shi ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Layi ya yi tsit. Aka sa jana'iza bayan azahar, aka ce ai kafin nan Direba ya gama, tunda da hantsi za a fara. Sai mai motar shanu bai zo da hantsi ba. Rana ta take, ana ta leƙen titi, sai daf da azahar ya iso yana ba da haƙuri, ya ce kuma ba zai iya kwana ba. Ga hadari ya fara leƙowa tun kafin lokacinsa, baƙi, mai nauyi, irin wanda ba mu ga kamarsa ba tun farkon damina. Direba ya dubi sama, ya dubi layi, ya ce a haɗa batir.

Ina leƙe ta ɓular ƙyauren kwanonmu lokacin da ta tashi. Ta yi tari, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama ruri har ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Awaki suka watse. Na ga ta sunkuyar da baki ta shiga tulin nan da ya hana mu barci, ta riƙa ture shi kamar ana tuƙa tuwo. Ta gama da shi, ta juyo ta kama gangare, tana yanka ƙasa ta gefe guda tana tahowa a hankali. Layinmu kuwa matsattse ne, ta cika shi bango zuwa bango, ko akuya ba ta ratsawa. Ina ta cewa a raina, taho, taho.

Ta kusa tsakiyar layi sai aka fito da Baba. Makara a kafaɗun maza, za su hau sama zuwa masallaci da titi, katafila kuma ta tare hanya. Suka tsaya, ita ma ta tsaya tana gunaguni. Daga inda nake ba na jin magana, daga baya aka ba ni labari. Wasu suka ce a dakata da gawa har ya wuce. Liman ya ce kabari na buɗe, ga hadari, in ruwa ya riga su sai ya cika. Lungunan bayan gidaje kuwa mutum ɗaya ma sai ya karkace, makara ba ta shiga. Wani ya ce to a ɗaga a miƙa ta saman katafilar, wasu su karɓa ta baya. Direba ya ce, "Ba za a haye da Baba ta kan ƙarfe kamar buhun masara ba."

Abin da na gani da idona shi ne katafila ta ɗaga baki ta fara ja da baya. Na ce, "Wayyo Allah, Inna, komawa yake!" Inna tana kan dardumarta, ta ci gaba da jan carbinta. Ya yi ta ja da baya yana hawa gangaren nan da ya sauko, makara na biye da shi a hankali, har fili a gindin mangwaro. Ya kauce, ya sauko ya tsaya a ƙasa hannu a ƙirji har suka wuce. Kashe ta ba dama, barin ta ba dama, don haka bai bi su ba. Duk tsawon lokacin nan ina jin rurinta daga nesa, kowane bugu sai in ji kamar daga jikina ake zuƙa, ina tuna gwangwanayen madara da kwalaben magani.

Ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya wuce gidan Baba, ya wuce gidan tela, ya wuce na mai bobolo. Iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a kwano. Har ina ganin fuskarsa, gumi da jar ƙura sun haɗe. Saura abin da bai fi tsawon gida biyu ba ya kai rafi, sai muryarta ta canja. Ta shaƙe, ta farfaɗo, ta sake shaƙewa, ta yi wata 'yar girgiza ta yi shiru. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Direba ya zauna a kanta kamar an dasa shi, sannan ya diro ya shigo gida da gudu ya ɗauki shebur.

Ruwa ya kece. Maza duk suna maƙabarta, layi ba kowa sai mata. Na ɗauki fartanyar Inna na fita ko mayafi babu. Da na waiga sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban taɓa ganin ƙafarsu a waje da rana ba, wannan da daro, wannan da murfin tukunya, wannan da taɓarya tana sassaka ƙasa. Direba na haƙa, muna kwashewa. Ruwa na dukan baya, taɓo har gwiwa, ga azumi, ruwa na gangarowa a fuska kana tsuke baki kada ya shiga. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san ruwan ya riga mu. Ya biyo sabuwar hanyarsa tun daga sama, ya zo ya tarar ba a gama ba, ya taru, ya kumbura, ya jingina da bangon ɗakina.

Ba da ƙara ya faɗi ba. Na ɗaga kai ne kawai na ga bangon ya durƙusa a hankali, kwano ya biyo shi, tagar nan tawa ta kwanta a cikin ruwa. Na ga gadona a fili, ruwa na zagaya ƙafafunsa. Bayan ɗakina kuwa ba abin da ya rage tsakanin ruwa da ɗakin Inna sai 'yar tsakar gida. Na yi ciki ina kiran ta fito, ta ce in koma bakin aikina.

A nan maza suka dawo daga maƙabarta, jiƙe sharkaf, da shebur da diga a kafaɗa, ƙasar kabari ba ta ma wanke daga jikinsu ba. Nan take suka faɗa ramin. Ruwa ya riga ya hau dokin ƙofar Inna lokacin da wani ya sara ƙasar ƙarshe. Sai muka ji wani irin gunji, ruwan nan duka ya juya ya zuba rafi, tsakar gida ta fara janyewa muna kallo. Tun daga ranar ruwa bai sake bin tsakiyar layinmu ba.

Hadari ya wuce daf da magariba, sama ta yi wani ja mai laushi, komai na ɗiga. Mutane suka watse, kowa ya tafi neman abin shan ruwa. Na zauna a kan tarin ƙasar da ɗazu ɗakina ne, farar ƙasar da ya shafa tana narkewa a ƙarƙashina. Na yi kuka sosai, kukan baƙin ciki da na haushi. Direba ya zo ya zauna nesa kaɗan, tafin hannunsa duk ya fashe. Aka kira salla, ba wanda ya motsa a cikinmu.

Na ce, "Da ba ka ja da baya ba, da yanzu ɗakina na tsaye."

Ya ce, "Haka ne. Da yana tsaye."

"To don me? Kai da ka san cif take, kai ka faɗa da bakinka."

Ya daɗe yana kallon katafilar da ke tsaye a bakin gidanmu, ruwa na ɗiga daga bakinta. Sannan ya ce, "Man na Baba ne. Jarka guda ya ba mu, ɗan abin da zai kai shi bakin titi kawai ya karɓa."

Sai muryar Inna daga ciki, tana cewa mu taso mu sha ruwa haka nan, ta shimfiɗa tabarma, ɗaki ɗaya ma ya ishe mu.